Ƙarfen da ke ƙarƙashin rumfar Hajiya

Tun da labari ya bazu cewa ƙungiyarmu ta yi "injin baya", ban ƙara samun sakat ba. A gidan suna a tare ni, a kasuwa a tare ni, har wata daga Tudu ta biyo ni gida da rana tsaka. Tambayar ɗaya ce: nawa kuka kashe, ina kuka samo, kuma da gaske yana warkar da ciwon baya? Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, har da wurin da na yi wauta, don kada wata ta bi sawuna ta faɗa ramin da na faɗa.

Ni tela ce a Dagmanet. Shekarata 26 kan keken ɗinki mai ƙafa. Kafin keken akwai daka, akwai tulu, daga baya bido, ga goyon ɗiya 7. Duk wadda ta san ɗinki ta san zaman: kai a sunkuye, kafaɗu sun tattaro gaba, ido kan allura, tun hantsi har la'asar. Ciwon ya fara ne tsakanin allunan kafaɗuna, kamar an aje mini garwashi guda. Daga baya ya sauko ƙugu. Na yi abin da kowa ke yi. Na sha ƙwayoyin masu talla har cikina ya fara ƙuna, wanzami ya yi mini ƙaho sau biyu, na ɗaure ƙugu da ɗankwali tamau. Ya lafa kwana uku ya dawo.

Ana saura kwana 9 Bianu, lokacin da kowa a Agadas ke son sabon kaya, na duƙa in ɗauki almakashi da ya faɗi, sai na kasa miƙewa. Sati uku na yi a tabarma. Kayan mutane na maida musu ba ɗinki, wasu da haƙuri, wasu da baƙar magana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bashin akwati. Na ɗauki jikka 60 na sari yadi, ranar biya ta zo ba ni da ko rabi. Shekarata 8 cikin ƙungiya ba a taɓa kiran sunana a yi shiru ba sai ran nan. Ba wadda ta ce mini komai, amma na ji kunyar da har yau in na tuna sai in ji zafi a fuska. A tabarmar nan na gane cewa jarina ba keken ba ne, ba yadin ba ne. Bayana ne.

Ɗiyata ta matsa sai da na je likita. Lokotoro ya duba ni, ya ce in ɗaga ƙafa, ya tambaye ni ko ƙafafuna na mutuwa, ko fitsari na kuɓuce mini, ko ina zazzaɓi da rama, ko na faɗi. Na ce babu ko ɗaya. Ya ce to ba wani mugun abu ba ne, ya tura ni wajen masu gyaran gaɓɓai, waɗanda muke ce wa kine. Wadda ta karɓe ni yarinya ce, sa'ar ɗiyata ta biyu. Na zaci tausa za ta yi mini in kwanta in ji daɗi. Ta yi tausar kaɗan, sannan ta ce, "Mama, kwanciya ta isa haka. Naman bayanki ne ya yi rauni, aiki za mu ba shi." Na ce ɗiyata, aiki ne fa ya kashe shi. Ta yi dariya ta ce aikin da na yi duk na duƙawa ne da turawa gaba, naman da ke jan kafaɗa baya ya shekara 26 yana barci.

Ita ta gaya mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma babu wani ciwo da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. A watan Disamba na 2023 hukumar ta fitar da shawarwari kan ciwon ƙugun da ya daɗe: ta ƙarfafa motsa jiki da koya wa mai ciwo yadda zai kula da kansa, ta ce kada a dogara da bel ɗin ɗaure ƙugu ko ƙwayoyi masu ƙarfi masu sa maye. Na tuna ɗankwalina, na yi shiru.

A ɗakinta na fara ganin injin. Mazauni ne, da wani matashi a tsaye da za ki jingina ƙirjinki, da mariƙi biyu a gabanki. Ki zauna, ki kama, ki jawo zuwa haƙarƙarinki, nauyi ya tashi, ki sake shi a hankali. Ke nan. Da na gani na ce ai wannan takarkart ne. Duk wadda ta taɓa zuwa garakan Tabelot ko na bakin Telwa ta ga yadda raƙumi ko sa ke jan igiya ta bisa ƙarangar itace, wasaki ya taso cike da ruwa. Bambancin dai a nan ke ce raƙumin. Kuma ba kamar jan guga a bakin rijiya ba ne, inda kike duƙe kina fizga, ƙugu na ɗaukar komai. Nan kina zaune a miƙe, ƙirji a jingine, naman da ke tsakanin kafaɗu da wanda ya sauko ta gefen haƙarƙari da damtse su ke aikin.

Na yi sati 6 ina zuwa sau biyu a sati. Garwashin nan na tsakanin kafaɗu ya fara mutuwa. Amma kowane zuwa kuɗi ne, ga na kabu-kabu, ga rabin yini ya tafi. Ran wani zaman ƙungiya, bayan an gama zubi, na ba da labari. Hajiya shugabarmu ta ce duk mai ciwon baya ta ɗaga hannu. Mu 26 ne, hannu 15 ya tashi. Masu saƙar tabarma, masu aikin fata, mai tuyar ƙosai, mai wankau, har sakatariyarmu da ke koyarwa a lakwal. Nan aka fara cewa me zai hana mu sayi namu.

Ma'ajiyarmu ce ta taka burki, kuma ina so in faɗi hujjarta yadda take, don ba ta yi ƙarya ba. Ta ce tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, abin da ya riƙe akwati har tsarin ya tsallaka ƙasashe shi ne ƙa'ida ɗaya: kuɗi su fita su dawo. Ba a sayen abin da zai zauna yana tsatsa da zubin mace mai dala 100 a sati. Ta ce, "Mu 11 da bayanmu lafiya lau, don me rabonmu na ƙarshen shekara zai ragu?" Aka yi ta ja har magariba. A ƙarshe aka tsaya kan cewa ba za a taɓa uwar kuɗi ba. Masu so su yi asusu na gefe, jikka ɗaya a wata, akwati kuma ya ba su bashi kamar yadda yake ba kowa, su biya. Aka naɗa mu uku mu nemo inji: ni, da sakatariya, da wata ƴar gajeruwa mai aikin fata wadda a lokacin ban ga amfanin sa ta ba. Daga baya ita ta fi mu amfani.

To ga wautar. Ɗan ƙanwata ya zo da salula ya ce, "Tanti, ga shi an samu, sabo dal, yana cikin kayan da za su shigo daga Libiya." Na ga hoto a WhatsApp: mazauni, mariƙi, wurin sa ƙafa, baƙi da ja yana ƙyalli, har da ɗan agogo a gaba. Kuɗin bai kai rabin abin da muka zata ba. Aka ce masu so da yawa, sai an ba da kafin alƙalami. Ban jira sauran biyun ba, ban nuna wa yarinyar kine ba. Na zaro jikka 20 daga kuɗin gefen da aka damƙa mini na miƙa. Cinikin biri a sama, da girmana.

Da ya iso muka je gani. Na zauna, na ja, sai mazaunin ya zame da ni baya kamar amalanke. Ashe wani inji ne daban, na kwaikwayon tuƙin kwale-kwale. Mazauninsa yana gudu kan dogo, ƙafafu ke yin mafi yawan aikin, kina duƙawa kina miƙewa da sauri har numfashi ya ɗauke. Injin kirki ne ga mai neman ƙarfin zuciya da huhu, amma ba shi aka ce mu nema ba, kuma babu wurin jingina ƙirji ko kaɗan. A hoto kamar ɗan'uwan wancan ne, sunansu ma a bakin masu saidawa kusan ɗaya. Mai kayan ya ce shi bai yi mana ƙarya ba, abin da muka gani a hoto shi ya kawo. Da roƙo da sa baki ya maido jikka 10. Sauran 10 ɗin daga aljihuna na cika, na kuma tsaya gaban mata na faɗi abin da na yi da bakina. Hajiya ta ce, "An ji, an wuce. Amma daga yau ba a fidda ko dala sai ku uku kun zauna a kansa da ɗuwawunku." Aka yi dariya, amma ita ce dokar da ta tsirar da mu.

Na koma wajen yarinyar kine da karne da biro, na ce ki karanta mini kamar ƴar lakwal. Ta ce injin jan da ake yi a zaune kusan iri uku ne. Akwai mai igiyar ƙarfe da dogon benci, ki tokare ƙafafu ki ja, babu majinginar ƙirji. Wannan ƙugunki ne ke riƙe ki a miƙe, yana da kyau ga mai lafiyar ƙugu da ta iya zama, amma sabuwar shiga tana yawan lanƙwashewa ta fizga da baya. Akwai irin nata, mai majinginar ƙirji da tarin guntayen ƙarfe da ake zaɓar nauyi da tsinke. Sai na uku, shi ma da majingina, amma babu igiya ko ɗaya: hannayen ƙarfe ne ke juyawa kan ƙusa, sai a zura musu faifan nauyi da hannu. Ta ce ga mata irinmu, masu shekaru da tsohon ciwo, kada mu kalli wanda ba shi da majinginar ƙirji.

Ba a daɗe ba muka ji wani mai ɗakin motsa jiki na samari zai rufe, yana saida kayansa. Akwai iri na biyu a ciki, na Turai, tsoho amma da kwarjini. Wallahi da na gan shi zuciyata ta kwanta, don shi ne ya yi kama da na likita. Na zauna na ja, daidai. Sakatariya ta zauna, daidai. Sai ƴar gajeruwarmu ta hau. Ƙafafunta na lilo ba su taɓa ƙasa, matashin da ya kamata ya tare ƙirjinta yana tokare mata maƙogwaro, hannunta ya kai mariƙi da ƙyar. Muka nemi abin sauke mazaunin, ashe ya lalace an walde shi wuri ɗaya, daidai tsawon samarin da ke amfani da shi. A ƙungiyarmu masu tsawonta sun fi masu tsawona yawa. Da ni kaɗai na je, da na sake zubar da kuɗin mata, wannan karon masu yawa.

Da ido ya buɗe sai sauran aibobin suka fito. Mafi ƙarancin nauyinsa kilo 10, daga nan sai 15, sai 20. Ga saurayi ba komai ba ne. Ga Inna mai shekara 63 da ba ta taɓa jan ƙarfe ba, tsallaken kilo 5 a tashi ɗaya kamar a ce mata ta hau hasumiyar babban masallaci da gudu ne. Na bi igiyar ƙarfen da yatsa kamar yadda aka koya mini, na ji silli-silli sun tsinke kusa da ƙarangar sama, robar da ta lulluɓe ta ta tsage. Na tambayi mai shi inda ake samun sabuwa, ya ce sai dai a aika Yamai ko Kano. Ku kun san nisan Yamai daga nan, kusan kilomita 1000, kun kuma san hanyar Tawa. Sannan ga ƙura. Duk abin da ke da maiƙo a garin nan, iskar hunturu ɗaya ta isa ta cika shi da rairayi, ko keken ɗinkina sai na lulluɓe shi kullum. Ƙarangu 5 na ƙirga a jikin injin nan, kowace da bakinta a buɗe tana jiran ƙasa. Kuma ba a rarraba shi, ƙofar gidan Hajiya kuwa irin ta tsohon gari ce, sai an sunkuya. Muka yi godiya muka fito. Sakatariya ta yi ta waiwaye har muka sha kwana.

Ƴar gajeruwar ce ta kawo shawarar iri na uku. Ta ce in babu igiya babu ƙaranga, ai ƙarfe ne da ƙusa, mai walda zai iya. Ni na ƙi da farko. Na ce abin da za mu ɗora wa lafiyarmu ba ƙofar gareji ba ce. Amma yarinyar kine ta yarda ta taimaka, da sharaɗin ita za ta ba da awo kuma ita za ta duba kafin kowa ta hau. Ta zo zamanmu ran wata Lahadi da tef ɗin awona na ɗinki, ta auna mafi tsawo da mafi gajarta cikinmu: daga ƙasa zuwa bayan gwiwa, daga mazauni zuwa tsakiyar ƙirji, daga ƙirji zuwa tafin hannu in an miƙe shi. Da wannan awon muka je wajen mai walda, dattijo ne da ke yin gadaje da amalanke.

Abin da muka ce ya yi ba shi da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Mazauni ya hau ya sauka, rami 5, da tsinken da ba ya zamewa. Matashin ƙirji ya matso ya ja baya, kuma ya yi faɗi da taushi, don ƙirjin mace ba na namiji ba ne, siririn matashi yana danne nono ya yi ciwo. Wannan babu wanda ya gaya mana, mu muka ji a jikinmu. Mariƙi ya zama iri biyu, na tsaye wanda tafin hannu ke kallon juna, shi ya fi sauƙi ga kafaɗa da wuyan hannu, da na kwance. Hannun dama da na hagu kowane ya yi tafiyarsa daban, saboda yawancinmu gefe ɗaya ya fi ƙarfi, in an haɗe su mai ƙarfin ne zai yi ta ɗaukar ɗan'uwansa. Gindi ya yi faɗi kada ya kife. A sa roba inda ƙarfe ke sauka kan ƙarfe. Kuma a yi shi gunduwa uku da noti, ya shiga ƙofar Hajiya.

Dattijon ya yi na farko, yarinyar kine ta zo ta ce a'a, ƙusar da hannayen ke juyawa a kanta ta yi ƙasa da yawa, jan yana tafiya sama zuwa wuya maimakon haƙarƙari. Ya ɓata rai, ya ce shekararsa 30 yana walda ba a taɓa maido masa aiki ba. Hajiya ta je da kanta ta ce, "Malam, ba hannunka aka raina ba, jikin tsofaffi ne ke da rigima." Ya yanke ya sake. Da ya gama, kafin mace ta hau, muka sa ƙattin yaransa biyu suka loda masa nauyin da ba mu taɓa kaiwa ba, suka yi ta ja muna kallon kowane ɗinkin walda. Fatar mazauni da matashi mai aikin fatarmu ta ɗinka, ta ce leda tana tsagewa a zafin watan Afrilu da Mayu, tana kuma ƙona cinya. Faifan nauyi muka saya na hannu, ƙanana, masu kilo 1 da 2 da 5. Duka da komai bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wancan na Turai ba.

Abu ɗaya da ya kamata ku sani game da wannan irin: nauyin da kika zura ba shi ne nauyin da hannunki ke ji ba, ya danganta da tsawon hannun ƙarfen da inda faifan ya zauna. Saboda haka kada wata ta ce ai a likita tana jan kilo 15, a zura mata 15. Kowa daga hannu wofi take farawa, ta ƙara kaɗan-kaɗan.

Sai maganar zane, wadda ba ta cikin lissafin kowa. Injin nan sai an raba ƙafa an zauna, kamar hawan jaki. Ranar farko mata suka yi cirko-cirko, kowa na kallon ƴar'uwarta. Inna ce ta fara cewa ita da jikokinta ba ta yin wannan zaman. Muka warware da wando a ƙarƙashin zane, aka aje injin can ƙuryar gida ƙarƙashin rumfa, aka rataya tabarma, aka kuma ce lokacin mata ko yaron gida ba ya shigowa. Na ɗinka wanduna 12 a satin nan, kun ga ciwon baya ma ya kawo ciniki. In an gama ana zare faifan, a sa sarƙa da kwaɗo a hannayen, don yara suna ganinsa kamar lilo, kuma ƙarfen nan yana iya datse yatsa.

Yadda muke yi shi ne yadda aka koya mana. Ki gyara mazauni har mariƙin ya zo daidai ƙasan ƙirjinki. Ki jingina, ƙafa a ƙasa daram. Ki jawo gwiwar hannu baya kamar za ki matse lemun Timiya tsakanin allunan kafaɗunki, kada kafaɗa ta tashi zuwa kunne, kada ƙirji ya bar matashi. In sai kin ɗaga ƙirji kin fizga kafin ya taso, nauyin ya fi ki, a rage. Ki fitar da numfashi lokacin ja, kada ki riƙe shi, musamman masu hawan jini. Sakewa ta fi ja muhimmanci, a hankali, ba a yar da shi ya yi ƙara. Sau 10 zuwa 12, ki huta, ki sake, zagaye biyu ko uku. Kwana biyu a sati, da hutu a tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce wa manya ke nan, aikin ƙarfafa nama aƙalla kwana biyu a sati. Sakatariya na rubuta nauyin kowa a karne ɗaya da na zubin gefe. Mai ciki da wadda ta haihu ba da jimawa ba, ko wadda aka yi wa aiki, ba ta hawa sai da izinin likita.

Yanzu amsar tambayarku ta uku, ko yana warkarwa. Ni dai garwashin tsakanin kafaɗuna ya tafi, ina yini kan keke in tashi ba na dafa bango. Amma ƙuguna ba injin ne ya gyara shi ba. Injin da ke da majinginar ƙirji an yi shi ne don ya huta da ƙugu, ba don ya ba shi aiki ba. Na ƙugu motsi ne daban da ake yi kwance a tabarma, da tafiyar ƙasa, da tashi daga kan keke duk bayan ɗan lokaci, waɗannan kuwa ko dala ba sa ci. Cikin mu 15, wasu sun ji sauƙi sosai, wasu kaɗan, uku sun daina zuwa tun wata na biyu, kuma har yanzu suna biyan jikkarsu suna gunaguni. Akwai kuma mai tuyar ƙosai da ta ce ciwonta na sauka har ƙafa, yatsunta na mutuwa. Yarinyar kine ta hana ta hawa ko sau ɗaya, ta ce ta koma wajen lokotoro. Ta ji haushinmu a lokacin, tana ganin mun ware ta. Daga baya aka gano nata na jijiya ne da ke son wani magani daban.

Akwai kuma abin da ba na son faɗi amma zan faɗa. Inna, wadda ta ƙi hawa ranar farko, har yau ba ta hau ba. Jikanta ya yanko mata robar cikin tayar moto, ta ɗaura a gindin dogonyaron gidanta, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa tana ja, yadda yarinyar kine ta gwada mata. Ita ma ta ce kafaɗunta sun saki. Na tambayi yarinyar ko robar na yin aikin inji, ta ce ga mai farawa tana yin mafi yawansa, in dai an duba ba ta tsage ba kuma an ɗaure ta da kyau, don in ta tsinke fuska take nema. Abin da injin ya fi ta shi ne majingina, da sanin nauyin da kike ja, da kuma cewa yana tara mu wuri ɗaya, wadda ta yi ƙiwa a aika a kira ta. Saboda haka ƙungiyar da akwatinta bai yi nauyi ba, kada ta ci bashi don ta ga mun yi. Ku fara da roba wata uku. In har mata na zuwa ba a roƙe su ba, sannan ku yi maganar ƙarfe, ku kuma tafi da mafi gajartarku da mafi tsufanku wajen gwaji, da wani ma'aikacin lafiya da ya san aikin.

Bashin akwati saura biya biyu mu gama. Matan maƙwabta da ba ƴan ƙungiya ba suna zuwa, muna karɓar dala 20 a zuwa, shi muke tarawa don maiƙo da gyara. Ranar Talatar da ta wuce na je da sassafe in share ƙurar rumfar, sai na ji ƙarar ƙarfe a bayan tabarma. Na leƙa, ma'ajiyarmu ce, wadda ta ce bayanta lafiya lau, zaune da wandon mijinta a ƙarƙashin zane tana jan kilo 4. Ta ce in sa mata suna a karne, amma in rubuta a shafin baya.